Sandar Baba Ɗangana

Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida Nomau ya yi sallama. Na amsa ban ɗaga kai ba, don na san muryarsa. Shi ne ke sayen gyaɗar unguwarmu yana kaiwa Maraɗi, na ɗauka ya zo ne ya ji ko na gama. Da ya shigo, sandar na fara gani kafin fuskarsa. Doguwa ce, ta yi baƙi da santsi saboda riƙo, an sa mata zoben ƙarfe a gindi. A duk Gazawa mutum ɗaya ke da ita.

Ya tsuguna can nesa kaɗan. Muka gaisa. Ya tambaye ni aiki, na tambaye shi hanya. Sannan ya kwantar da sandar a ƙasa tsakaninmu.

"Indo, sai haƙuri. Baba Ɗangana, lokaci ya yi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Bakina ne ya faɗa, ni ban ji komai ba. "A ina?"

"Gidan Rumji."

"Gidan Rumji? Nan Gidan Rumji?"

"Nan."

Hannuna bai daina ɓara ba. Sai daga baya na lura ɓawon nake zubawa a ƙwarya, ƙwayar a ƙasa, kaji suna tsincewa. Na tashi na kawo wa Nomau ruwa. Na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce ya ci. Na koma na zauna ina kallon sandar.

Baba Ɗangana ba danginmu ba ne. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Tun da aka kawo ni amarya na tarar da shi shi kaɗai, matarsa ta rasu, ɗiyarsa guda ita ma ta bi ta. Bayan mutuwar maigidana sai ya zama shi ne babban da nake da shi kusa. Kullum da yamma ina miƙa masa tuwo ta saman danga, shi kuma bai taɓa maido akushin ba komai ba. Ko ɓarin goro, ko ɗan gutsuren kanwa, ko 'ya'yan magarya, sai ya saka wani abu a ciki.

A samartakarsa korar jaki ya yi wa fatake. Tun kafin Nasara su zauna da gindinsu a ƙasar nan yake bin ayari zuwa Gwanja, su tafi da kanwa da fata, su dawo da goro. A ƙafa. Yana cewa in suka tashi bayan kaka, wani lokaci sai wata kakar ta zagayo kafin su ga rumbun gidansu. Ya ba mu labarin ƙetare Kwara, yadda ake ɗaure jakai a jikin jirgi suna iyo, kunnuwansu kaɗai ke waje. Ya ba mu labarin garin da ya ga mutane suna cin doya kamar yadda muke cin gero, da dajin da rana ba ta taɓa ƙasa a cikinsa. Kuma a can gindin burgamensa, jakar fatar da yake tafiya da ita, ƙarƙashin komai, akwai likkafaninsa a naɗe. Ya ce duk wanda ya bi ayari da nasa yake tafiya, don kada ya ɗora wa baƙin gari nauyi.

Wanda ya fi kowa jin waɗannan labarai ɗana ne, Labo. Na haifi biyar, shi kaɗai ya tsaya. Tun yana rarrafe yake bi ta ƙasan danga zuwa wurin tsohon. Wasan jika da kaka suke yi.

"Tsoho mai ran ƙarfe, yau ina za mu?"

"Kai da ko rijiya ba ka iya zuwa sai uwarka ta riƙe maka hannu? Zauna in kai ka Salaga da baki."

Da Labo ya zama saurayi, tafiya ta riga ta zama wani abu daban. Samarin Gazawa sun fara hawa kamiyo, manyan motocin kaya, suna zuwa Kumasi cin rani. Su tafi bayan an gama girbi, su dawo kafin shuka, da tabarau a ido da akwatin ƙarfe mai fenti. Wani ya zo da keke. Wani ya zo da rediyo, unguwa ta taru a ƙofar gidansu har kwana uku.

Baba yakan kira su ya zaunar da su, yana murna kamar ya ga 'yan uwansa. Na tuna ranar da ya kira Jaye, abokin Labo, wanda ya riga ya je sau ɗaya.

"To, ɗan Kumasi, ba ni labari. Mi ka gani a hanya?"

"Ƙeyar wanda ke gabana, Baba."

"A'a, ka bar wasa. Da kuka iso Kwara fa?"

"Aka ce mani mun wuce. Barci nake."

Baba ya riƙe baki. "Ka ƙetare Kwara kana barci?"

"To mi zan yi mata? Ruwa ne."

Samarin suka fashe da dariya. Labo ya fi kowa, sannan ya ce:

"Baba, ku kun je kun ga duniya, kun dawo da goro, aka tauna aka tofar. Mu in mun je, kwano za mu kawo a rufe ɗakin Inna, ta huta da yaɓe kowace damina."

"Ku ai ba matafiya ba ne," in ji Baba. "Kaya ne. A loda ku nan, a sauke ku can, kamar buhun Nomau."

"Buhun da ke dawowa da keke dai."

Shi ma Baba sai da ya yi dariya. Ban taɓa ganin laifinsa ba a kan tafiyar Labo, ko da wasu mata sun ce shi ya cika wa yaron kai. Kowa na tafiya a lokacin. Da Baba bai taɓa buɗe baki ba ma, Labo zai tafi.

Ana gobe su Labo za su tashi, Baba ya leƙo ta saman danga ya kira ni.

"Ɗiyata, in gaya maki abin da uwayenmu ke yi. In zai fita, ki jiƙa ƙasar bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya taka da ƙafar dama. Ki kwashe ƙasar sawun ki sa a ƙoƙo, ki aje a ɗaki. Kowace safiya ki yayyafa mata ruwa, kamar yadda muke yi wa goro a hanya don kada ya bushe. In ya dawo, a maida ƙasar inda aka ɗebo ta. In sandarshi ce ta dawo, haka nan za a maida ta."

"Sandarshi?"

"In mutum ya faɗi a hanya, madugu ba ya shiga gidanshi sai ya kai sandar mamacin ga mutanenshi, ya ce masu ga garin, ga itacen da kabarin ke kusa da shi. Ba a ɓacewa haka kawai, ɗiyata. Ko mutum ya dawo, ko sanda ta dawo."

Na jiƙa ƙasar tun da sassafe. Amma motar ta zo kafin lokacin da aka ce, direba na ta danna oda daga tasha. Abokan Labo suka faɗo gidan a guje, Jaye da Shu'aibu da wasu, suna cewa ya yi sauri za a bar su. Ya ɗauki ƙunshinsa.

"Labo, cire takalmin ka taka nan."

"Inna, mota ba ta jira! Ki yi mani addu'a dai."

Ya durƙusa a gurguje na dafa kansa, suka fita gaba ɗaya. Da na duba bakin ƙofa, sawu ne birjik a jiƙaƙƙiyar ƙasar, masu shiga da masu fita. Dukansu takalmin taya ne a ƙafarsu, wurin mutum ɗaya suka saya a kasuwa saboda tafiyar, zanen gindin iri ɗaya.

Baba ya zagayo ya tsuguna. Mutumin da ke iya gane sawun jakinsa a cikin na ayari guda. Ya daɗe yana dubawa, yana auna wannan da tafin hannu, yana auna wancan.

"Wanga ya yi kama da nashi," ya ce daga ƙarshe. Bai kalle ni ba.

Na kwashe shi na sa a ƙoƙo.

Damina ta zo, abokansa suka dawo, ban da shi. Jaye ya ce ya bar shi yana dako a babbar kasuwar Kumasi, lafiya lau, ya ce sai ya ƙara tara abin kwano. A shekarar da ta biyo aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, 'yan lakol, wato yaran makaranta, suka yi ta waƙa a gaban buro, ofishin hukuma, aka yi kiɗa. Na je na tsaya a bakin taron ina duba fuskoki. Wani da ya dawo a wannan rani ya ce ya ji Labo ya wuce Abijan. Wani ya ce a'a, Ankara ya nufa, bakin teku. Bayan nan ba wanda ya ƙara cewa komai. In na tare masu dawowa a tasha, sai su gaishe ni da ladabi su ce, "Wallahi Inna, garin da girma."

Baba ya fi ni tambaya. Duk wanda ya sauko daga mota sai ya aika a kira shi.

"Wane ne mai masaukinshi a can?"

"Baba, ba mai masauki yanzu. Inda dare ya yi maka, nan za ka shimfiɗa kwali."

"To wane ne madugunku?"

"Direba."

"Direban ya san sunanku?"

"Ya san adadinmu dai."

Sai ya sallame su. Wannan abin ne bai shiga kansa ba har ya mutu, a ce mutane sun fita gari tare, sun dawo ba ɗaya, kuma ba wanda za a tambaya.

Bayan kaka ta huɗu da tafiyar Labo, na miƙa wa Baba tuwo wata yamma, bai karɓa ba. Ya tsaya riƙe da danga.

"Ɗiyata, zan je in dubo yaron nan."

"Baba, wane yaro?"

"Yara nawa gare mu a waje?"

Na ce masa ya tsufa. Na ce masa idonsa ɗaya ya yi hazo, gwiwarsa ba ta kai shi masallacin Juma'a sai ya huta a hanya. Na ce garuruwan da ya sani sun canza.

"Zango bai tashi daga inda yake ba. Akwai gidajen da na ci tuwo a cikinsu, jikokinsu na nan. In na faɗi sunan madugunmu za a ba ni tabarma. Waɗanga yaran ba su iya tambaya ba ne, shi ke nan. Ba su san a gaida mutum a zauna ba."

"In wani abu ya same ka fa?"

"To ai shi ya sa ake tafiya da sanda."

Aka ce masa yanzu ba a fita ƙasa sai da takarda mai hoto. Ya je buro aka yi masa. Ya dawo yana juya ta a hannu, ya nuna mani ta saman danga.

"Dubi abin da za a nuna wa jandarma wai don ya yarda ni ne. Ga ni tsaye gabanshi, amma sai ya tambayi wanga ɗan tsohon mai kama da biri."

Sannan ya bi unguwa gida gida yana neman gafara, kamar yadda suke yi a da. Mutane na dariya. Mai shayin unguwa ya ce, "Baba, mota ce fa, ba lahira ba. Kafin goron bakinka ya ƙare kun isa." Ya ce, "Ka yafe mani dai." Ya kawo mani akuyarsa ya ɗaure a turkena. Ni kuma na daka masa gumba, na soya ƙuli, na ƙulle a tsumma.

Ranar tafiyar shi da kansa ya ɗebo ruwa ya jiƙa bakin ƙofarsa. Ya hana kowa wucewa ta wurin. Ya cire takalmi, ya dogara da sanda, ya ɗora ƙafar dama ya danna sosai. Da ya ɗaga, ga yatsu biyar, ga faso na diddige, har da tabon da ƙaya ta bar masa tun yana yaro.

"Wannan karon ba shakka," ya ce. "Kwashe."

Na kwashe na sa a wani ƙoƙon, na ajiye kusa da na Labo. Nomau na cikin motar da Baba zai hau, zai kai gyaɗa Maraɗi ya wuce kasuwar Gidan Rumji. Aka ɗaga Baba aka ɗora shi saman buhuna. Bai taɓa hawa mota ba. Ya rungume burgamensa da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Da motar ta ja, na ga bakinsa na motsi, ban ji abin da ya ce ba saboda ƙara.

Ko mako ba a yi ba Nomau ya shigo da sandar.

Da ya sha ruwan, ya ba ni labarin yadda aka yi. Ban tambaye shi ba, shi ya fara, kuma a jere ya faɗa kamar wanda aka koya wa.

Ya ce tun kafin Agiye jiri ya kama tsohon. Ya yi amai, samari na matsawa suna tsaki. Da suka tsaya Agiye ya ce a sauke shi, akwai gidan da ayarinsu ke sauka, yana so ya gaida mutanen gidan ya sha ruwan rijiyarsu. Direba ya ce ba lokaci. Suna wucewa yana ta waiwaye yana nuna wani wuri da sanda, yana cewa nan ne, nan ne, akwai kuka a nan. Nomau ya ce shi bai ga kuka ba.

A Maraɗi suka kwana, suka canza mota. Baba bai ci komai ba sai 'yar gumbar da na yi masa. A motar ta biyu ya daina magana. Sau ɗaya ya ce wa Nomau, "Ƙasar na gudu, ba ta bari a gan ta." Da suka iso Gidan Rumji aka tsaya sallar azahar, aka sauko da shi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Nomau da wani mahauci suka kai shi gindin tsamiya a gefen kasuwa. Motar ta jira kaɗan, ta yi oda, ta tafi.

"Ya tambaye ni, 'Kwara na gaba?' Na ce, 'Baba, da sauran tafiya, ko ƙasar Maraɗi ba mu fita ba.' Ya yi 'yar dariya. Ya ce, 'To kai ne madugu yau, Nomau. Buɗe burgamen, can ƙasa.'"

Likkafanin ya yi ja don daɗewa. Wurin ninkin ya fara cinyewa, sai da matar mahaucin ta ɗan kama shi da allura. Amma ya isa. Baba ya cika bayan la'asar, da kalmar shahada a bakinsa. Mutanen garin suka yi masa sutura, liman ya ce rabon da ya ga baƙo ya zo da nasa tun yana yaro.

"Ya ce in kawo maki sandar hannu da hannu, kada in shiga gidana sai na kawo. Ya ce in gaya maki, kabarin na gabas da kasuwa, in kin wuce tsamiya, kusa da wani gawo mai reshe ɗaya a karye." Nomau ya sunkuyar da kai. "Kuma ya ce in ce maki ki yi haƙuri, bai isa inda ya nufa ba."

"Bai ce komai ba a kan Labo?"

"Shi ke nan abin da ya ce."

Na ce Allah ya saka masa da alheri. Ya tashi ya tafi gidansa.

Ban yi kuka ba a ranar. Mata suka shigo gaisuwa, don ba wanda za a yi wa gaisuwar sai ni. Ina amsawa. Da yamma na tuƙa tuwo, na zuba a akushi, na kai har bakin danga kafin na tuna. Na tsaya da shi a hannu har ya huce, akuyarsa na kallona.

Washegari na ɗauko ƙoƙonsa na zagaya ƙofar gidansa. Ramin da na kwashe ƙasar na nan, iska ba ta gama cike shi ba. Na juye ta a ciki, na shafe da tafin hannu, kamar yadda ya ce a yi. Shi nasa ya cika. An san garin, an san itacen. Bara waccan Nomau ya kai ni, na ga gawon, na yi masa addu'a.

Yanzu gidan Baba wani malamin lakol ke ciki, ya sa katangar ƙasa a maimakon dangar. Samari har yau suna tafiya, sun ma fi da yawa, wasu Legas, wasu Libiya. Ba wanda ke bin gida gida. Sai dai a wayi gari a ce wane ya tafi.

Duk waɗanda suka shigo gidana da safen nan da takalmin taya sun dawo. Shu'aibu na ɗinki a kasuwa. Jaye ya yi aure, 'ya'yansa na wucewa ta ƙofata zuwa lakol, suna gaishe ni. Wani lokaci in na gan shi ya yi ƙiba yana tafe, sai in ce a raina wataƙila sawunsa ne a ɗakina. Ban taɓa gaya masa ba.

Ƙoƙon na nan a gindin gado, sandar na jingine kusa da shi. Ƙasar ta dunƙule ta zama kamar dutse, zanen tayar ya daɗe da shafewa. Kowace safiya in na idar da salla, sai in tsoma yatsu a buta in yayyafa mata. Takan yi duhu na ɗan lokaci, ƙanshin damina ya taso kaɗan. Kafin in gama shara ta bushe.